Bazazzagi, Ina Ka Kai Ɗan Ƙiftau?

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida. Saƙonka ya iso, kuma na karanta shi a gaban jama'a, domin abin dariya ba a cin sa a ɓoye. Ka ce kwamfutarka ta kamu da ciwo. Kana gudanar da manhajar gwajin nan da ka rubuta da hannunka, wadda ka cika mana kunne da yabonta, sai wani gwaji ya maƙale, ka danna Ctrl da C, shi ke nan manunin rubutu ya yi ɓatan dabo. Ɗan tsinken nan mai ƙiftawa a baƙin allo, wanda ke nuna maka inda harafi na gaba zai sauka, babu shi babu dalilinsa. Kana bugawa haruffa na fitowa, amma in ka koma baya don gyara kuskure sai lalube. Ka rufe taminal ka buɗe sabo, ɗan ƙiftau ya dawo. Ka sake katse gwaji, ya sake tafiya. Daga nan ka yanke hukunci irin na manyan masana: allon ne ya lalace, za ka shiga mota ka kawo ta Kano a duba maka a titin Beirut.

Zo mana. Kano ba ta ƙin baƙo, balle baƙon da ya taho da kuɗi a aljihu da matsalar da ba ta kai ta naira biyar ba. Yaranmu za su karɓe ta hannu bibbiyu, su kwance bayanta, su hura mata iska, su ce ka dawo jibi. Amma haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa, don haka zauna a garinku ka saurara.

Allonka lafiyarsa lau. Manunin nan bai ɓata ba, kai ne ka ce masa ya ɓuya, ya kuwa ɓuya, yana can yana jiran ka ce ya fito. Taminal ba ya yin komai don ra'ayin kansa. Duk abin da manhaja ta turo masa, in harafi ne ya zana shi, in umarni ne ya bi. Umarnin kuwa a cikin rubutun yake tahowa, abin da ke bambanta shi kawai shi ne yana farawa da wani bayit da ido ba ya gani, mai lamba 27, wanda ake kira ESC. Manhajarka ta tura ESC, sannan [?25 da ƙaramin harafin l. Bayit shida ke nan, kuma ma'anarsu ita ce a ɓoye manuni. Na fito da shi ma bayit shida ne, bambancin harafi ɗaya tak: a ƙarshe h ake sawa maimakon l. Ka lura, harafin l na ce, ba lamba 1 ba, don na san idonku ya gaji da karatu.

Wannan yare ba jiya aka ƙirƙiro shi ba, ya girme ka. Kamfanin DEC na jihar Masachusets a Amurka ya fitar da VT100 a 1978, akwati mai allo da madannai wanda ba ya lissafin komai, aikinsa kawai ya nuna abin da babbar kwamfuta ta aiko ta waya, layi 24 kowanne mai gurbi 80. Tsarin umarnin da ya bi shi ne wanda aka daidaita a ECMA-48 a 1976 da ANSI X3.64 a 1979. Sai VT220 ya zo a 1983 da wannan lamba ta 25 mai ɓoye manuni da fito da shi, a littattafansu sunanta DECTCEM. Shi kansa DEC ya daɗe da barin kasuwa, Compaq ya saye shi a 1998, shi ma HP ya haɗiye shi a 2002. Amma xterm, da taminal na cikin VS Code, da na Mac, da wanda kake fama da shi yanzu, duk kwaikwayon waɗannan akwatuna suke yi. Kana zaune da kwamfutar bana kana magana da fatalwar na'urar da ta haura shekara arba'in, kana kuma mamakin ta ƙi yi maka uzuri.

Abin da nake so ya zauna maka a ka shi ne, taminal ba naka ba ne, aro ka yi. Na shel ne, wato bash ko zsh da ke jiran umarninka, shi ya ba manhajarka aron allon na ɗan lokaci. Kamar wanda ya aro turmi a maƙota ne: ba mai hana ka daka abin da ka ga dama, amma in ka gama sai ka mayar da shi tare da taɓaryarsa. Taminal ba ya rubuta sunan wanda ya ɓoye manuni, ba ya kuma lura da cewa mai ɓoyewar ya mutu. Tsarin aiki na kwamfuta yana karɓe ƙwaƙwalwar da manhaja ta riƙe in ta mutu, yana rufe fayilolinta, amma halin da ta bar allo a ciki ba ruwansa. Kai ka aro, ka ajiye taɓarya a bayan ɗaki, ka yi tafiyarka. Ban yi mamaki ba, tun zamanin kakanni mun san yadda aro yake ƙarewa in ya bi hanyar Zariya.

Maganin gaggawa tukuna, don ka daina rufe taminal kamar mai gudun bashi. Buga tput cnorm ka danna Enter, ko da ba ka ganin inda kake bugawa. Manhajar tput za ta duba sunan taminal ɗinka a cikin TERM, ta nemo umarnin da ya dace a kundin terminfo, ta tura. In babu tput a kusa, printf '\033[?25h' ya wadatar, 033 ɗin nan shi ne 27 a lissafin takwas-takwas. Akwai kuma reset, wanda na san shi za ka fi so don sunansa ya yi kama da na babban aiki. Yana gyarawa, amma yakan share allon, ya tafi da saƙon kuskuren da kake son karantawa, ka koma ka sake gudanar da gwajin da ya jawo rigimar. Kada kuma ka haɗa wannan ciwo da ɗan'uwansa: in kana bugawa haruffan ma ba sa fitowa, ko layuka suna sauka a karkace kamar matakala, wannan ba manuni ba ne, saitin layin taminal ne aka bari a birkice, maganinsa stty sane. In Enter ya ƙi aiki a wannan hali, danna Ctrl da J a madadinsa.

To wannan duk shafa mai ne a kan ƙurji. Kai ne marubucin manhajar, mutane kuma sun fara sauke ta, ba za ka bi su gida-gida kana koya musu tput ba.

Ban ce laifi ne a ɓoye manuni ba. Duk manhajar gwaji mai zana sandar ci gaba, ko katantanwar nan mai juyawa tana nuna ana aiki, sai ta riƙa komawa farkon layi tana gogewa tana sake rubutawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. In manuni yana fili, za ka gan shi yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, ido ya gaji. Mocha, wadda TJ Holowaychuk ya fara a 2011, tana da wani salon ba da rahoto da ke zana kyanwa tana tashi da bakan gizo a bayanta, kuma kafin kyanwar ta tashi sai an ɓoye manuni, in ta sauka a fito da shi. Manya ma suna yi. Bambancinka da su shi ne sun ƙirga ƙofofin fita, kai kuwa ɗaya ka sani.

Na duba rubutun da ka turo. A layin farko ka ɓoye manuni, a layin ƙarshe ka fito da shi, tsakaninsu kuma gwaje-gwaje. Wato ka ɗauka kullum manhaja za ta shiga ta zaure ta fita ta zaure, cikin natsuwa, bayan kowane gwaji ya yi sallama. Ai manhajar gwaji ita ce ta fi kowace manhaja haɗuwa da mutuwar fuju'a, domin sana'arta ke nan: gudanar da rubutun da ba a tabbatar da lafiyarsa ba. Wani zai jefo kuskuren da ba wanda ya tare. Wani zai shiga zagayen da ba shi da ƙarshe. Wani zai kira process.exit da kansa a tsakiyar aiki, ya kashe gidan gaba ɗaya. Kowanne daga cikinsu ya faru, layinka na ƙarshe ba za a taɓa isa gare shi ba. Don haka matakin farko, tun a lokacin da ka ɓoye manunin, kafin ka yi komai, ka yi rajistar mai mayar da shi. A Node, ka rataya shi a process.on('exit'), kuma ka sani a wannan wuri aikin nan-take kawai ake yi, duk abin da ka ce a jira ba za a jira ba. A Python, try da finally, ko atexit. A rubutun bash, trap 'tput cnorm' EXIT, layi ɗaya wanda ko almajirin shekarar farko zai iya haddacewa.

Sai Ctrl da C, inda ka faɗi. Lokacin da ka danna su, madannai suna tura bayit mai lamba 3. Direban taminal ya gan shi, bai miƙa wa manhajarka ba, sai ya mayar da shi sigina mai suna SIGINT, mai lamba 2, ya jefa mata. Manhajar Node da ba ta shirya wa wannan sigina ba nan take take mutuwa, ko abin da ka rataya a exit ba za a waiwaya ba. Na san abin da za ka yi da ka ji haka, don na san halinka: za ka ruga ka rubuta process.on('SIGINT'), ka sa umarnin fito da manuni a ciki, ka tafi shan shayi kana jin kai gwani ne. To ka haifi sabuwar matsala. A Node, da zarar ka saurari SIGINT, ka ɗauke wa manhajar mutuwarta ta asali. Mutum zai danna Ctrl da C, manuni ya fito, gwajin da ya maƙale kuma ya ci gaba da maƙalewa. Dole bayan ka gyara allon ka fita da kanka. Kuma ka fita da lambar da ta dace, wato 130, jimlar 128 da lambar siginar. In ka fita da sifili, ka shaida wa duk rubutun da ya kira ka cewa gwaji ya yi nasara, alhali katse shi aka yi. Wannan ya fi ɓatan manuni muni nesa ba kusa ba, domin manuni ido yana ganin rashinsa, ƙaryar nasara kuwa sai kaya sun isa hannun masu amfani. Haka za ka yi wa SIGTERM mai lamba 15, wadda umarnin kill ke aikawa in ba a faɗa masa wata ba, da SIGHUP.

In girman kai zai bar ka, ba sai ka rubuta duk wannan ba. Akwai ƙunshin signal-exit da aka yi don wannan aiki kaɗai, a kansa Sindre Sorhus ya gina restore-cursor da cli-cursor, katantanwar ora ma da su take aiki. Mutane sun riga sun ci tuntuɓe a duk ramukan nan sun cike su. Amma ku Zage-zagi in ba ku rubuta abu tun daga tushe ba, gani kuke kamar an rage muku digiri.

Akwai wani tarkon a yanayin sa ido da ka ƙara wa manhajar, wanda take zaune tana jiran ka taɓa fayil ta sake gwaji, tana kuma karɓar harafi ɗaya-ɗaya ba tare da Enter ba. Don samun haka ka kira setRawMode, ka ce wa direban taminal ya daina tace komai ya miƙo maka ɗanye. Ya kuwa daina. Daga wannan lokaci Ctrl da C ba sigina ba ce, bayit 3 ne kawai yake shigowa kamar kowane harafi, mai sauraron SIGINT ɗinka zai kwana yana jira ba abin da zai zo. Jest, da aka haifa a Facebook, a nata yanayin sa ido da kanta take duba ko abin da aka danna Ctrl da C ne ko Ctrl da D, ta mayar da taminal yadda ta same shi sannan ta fita. Kai ma haka za ka yi. Ga kuma Ctrl da Z, wanda kusan kowa ke mantawa. Wannan ba ya kashe manhaja, dakatar da ita yake yi da SIGTSTP ya mayar da mutum hannun shel. Manhajar tana raye, ba ta fita ba, don haka ba wani mai gyaran fita da zai motsa, mutum kuma ga shi a gaban bash ba manuni. Ladabi shi ne ka fito da manuni kafin ka kwanta, in an tashe ka da fg, SIGCONT ta iso, ka sake ɓoye shi.

Yanzu ka ce duk ka yi waɗannan, amma wani lokaci yana dawowa wani lokaci ba ya dawowa, ka fara zargin aljannu. Ba aljannu ba ne, yaranka ne. Ka raba gwaje-gwaje ga ƙananan ayyuka don su gudana lokaci guda, kuma Ctrl da C ba uba kaɗai take samu ba, duk rukunin ayyukan da ke gaban taminal take samu tare. Uban ya yi hanzari ya fito da manuni ya mutu. Wani yaro da bai gama mutuwa ba ya zana juyin katantanwarsa na ƙarshe, a ciki har da umarnin ɓoyewa. Taminal kuwa maganar ƙarshe yake bi, ba ya tambayar wa ya girmi wa. Gyaran shi ne mutum ɗaya ne zai riƙe allo. Yara su aiko wa uba sakamako, uba ya zana. In za a fita, a tsayar da mai zane tukuna, a jira yara su watse, sannan a fito da manuni a matsayin magana ta ƙarshe.

Wanda ya fi ba ni dariya a rubutunka shi ne na bututu. Kowace manhaja tana da mafita biyu, stdout na sakamako da stderr na ƙorafi da surutun gefe. Kai ka tura umarnin ɓoyewa ta stderr, na fitowa kuma ta stdout. Muddin dukansu allo suke kallo ba wanda zai gane. Ranar da wani ya karkatar da sakamako zuwa fayil, ɓoyewa ta tafi allo, fitowa ta tafi cikin fayil ta kwanta. Ban zarge ka sosai ba. Mutanen da za su ce “matata ya zo” ba su raba mace da namiji ba, ina za su raba stdout da stderr? Ta inda ka ɓoye, ta nan za ka fito da shi. Irin wannan yana faruwa ta wata fuska a manhajojin gwaji musamman, saboda suna tare abin da gwaji ke bugawa. Ita pytest haka take yi in ba ka ba ta -s ba: tana kama fitar gwaji ta ajiye, sai wanda ya faɗi take nuna nasa. A Node kuma masu gwaji sukan sauya process.stdout.write da na bogi don su ga abin da aka buga. In mai gyaranka ya tashi aiki a lokacin da na bogin ke kan kujera, umarnin fito da manuni zai faɗa aljihunsa. Ka riƙe hannun mafita ta gaskiya tun farkon tashi, kafin kowane gwaji ya taɓa ta. A Python kuma ka tuna da flush, domin bayit shidan nan ba su da alamar sabon layi, suna iya zama a rumbun jira, kuma os._exit ba ya tsayawa kwashe rumbu, ba ya kiran atexit.

Kafin ma ka ɓoye, ka tambaya ko akwai allon. process.stdout.isTTY a Node, isatty a Python, [ -t 1 ] a bash. In amsa a'a ce, to fayil ne ko bututu ko injin gwaji na nesa irin GitHub Actions, ba manuni a can balle a ɓoye shi. Ka buga layi bayan layi kawai. Rahoton da ka turo mini makon jiya cike yake da ^[[?25l da tarkacen katantanwa ɗaruruwa, sai da na yi ta gangarawa kafin na iske gwajin da ya faɗi. Haka in TERM ya ce dumb, ka yarda da shi, ya fi ka sanin kansa. Mutanen Windows kuma ka tuna tsohon allonsu bai fara jin wannan yare ba sai a Windows 10, shi ma sai an kunna masa, Windows Terminal da ya fito sosai a 2020 ne ya sauƙaƙa lamarin.

Ƙofa ɗaya ce ba ka da iko da ita, SIGKILL mai lamba 9. Ba a tare ta, ba a sauraron ta, ba wasiyya. In ka buga kill -9, ko Linux ya ga ƙwaƙwalwa ta ƙare ya zaɓi manhajarka ya yanka, za ka ga lamba 137 da allo yadda aka bar shi. Kusa da ita akwai wadda mu nan muka fi sani: ka shiga wata saba ta ssh kana gwaji, manhajar can nesa ta ɓoye manunin allonka na nan, sai intanet ya ɗauke. Ko ta aiko da umarnin fitowa, ba hanyar da zai bi ya iso. Nan mai gida ne zai kare kansa. Sa tput cnorm a PROMPT_COMMAND na bash, ko a precmd na zsh, duk lokacin da shel zai karɓi sabon umarni sai ya fito da manuni, ko wane ne ya ɓoye shi. Ni na daɗe da sa nawa, tun da na fara karɓar manhajoji daga wajenku. Amma kada ka rubuta wannan a takardar bayanin manhajarka a matsayin gyara. Wanda ya kulle ƙofarsa saboda kai bai wanke ka ba.

Tun da na ɗauko, bari in taɓa ɗaya ciwon da ka ambata a ƙasan saƙo kamar ba komai ba, cewa wani lokaci manunin yana nan amma ba a wurinsa ba, sandar ci gaba tana haihuwar layuka, ko tana cinye sakamakon da ke samanta. Wannan lissafi ne ya kuɓuce maka. Don sake zane kana cewa manuni ya hau sama layi kaza ya goge. Ka ƙirga layi uku ka buga, amma ɗaya daga ciki ya fi faɗin taga ya naɗo ƙasa, sun zama huɗu a ido. Ka hau uku, ka bar ɗaya, kowane zagaye ana ƙara maraya. Dole ka san faɗin tagar, process.stdout.columns yana faɗa, kuma yana sauyawa in mutum ya ja gefenta, SIGWINCH ce ke kawo labari. Sannan ka san faɗin rubutun a ido, wanda ba shi ne tsawonsa a ƙwaƙwalwa ba. Umarnin launi yana da bayit amma ba ya cin gurbi ko ɗaya. Emoji da ka cika rahoto da su yawanci gurbi biyu suke ci. Mu masu sa wa gwaji suna da Hausa muna da namu: ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ ta mutanen Nijar, kowannensu bayit biyu ne a UTF-8 amma gurbi ɗaya a allo. A Node ka tsira daga wannan, don length ba bayit yake ƙirgawa ba, sai dai in ka ɗora alamar karin sauti a kan wasali a matsayin harafi na daban, nan zai ƙirga biyu a gurbi ɗaya. Amma na ji kana cika baki za ka sake rubuta manhajar da Go don ta fi sauri. A can len bayit yake ƙirgawa, haka a Rust, haka strlen a C. Gwaji mai suna “ƙididdigar kuɗin ɗalibai” zai fi tsawonsa na gaskiya da uku, jadawalinka ya karkace a kan harshen uwarka. Akwai wcwidth, akwai string-width, an yi su ne don auna faɗin ido.

Abin kunyar da na ajiye maka a ƙarshe: ka rubuta manhajar da ke gwada manhajojin mutane, ita kanta ba ta da gwaji ko ɗaya a kan wannan. Za ka ce ba a iya gwada allo. Ana iyawa. Akwai taminal na bogi da ake kira pty, wanda manhaja ba ta bambanta shi da na gaske. Mafi sauƙi, buga script, ka gudanar da manhajar, ka katse ta, ka fita, sannan ka buɗe fayil ɗin da cat -v, duk umarnin da ido ba ya gani zai bayyana, ka ga da idonka ko l ce ta zo ƙarshe ko h. Don mayar da shi gwaji mai gudana da kansa, tun 1990 Don Libes na hukumar NIST ta Amurka ya fitar da expect, Python tana da pexpect, Node tana da node-pty wanda taminal na VS Code ke tsaye a kansa. Ka tayar da manhajarka a cikin pty da gwajin da ka san zai maƙale, ka jira ta fara zane, ka tura mata bayit 3, ka kwashe duk abin da ta furta har ta mutu. Abu biyu za ka duba: ?25 na ƙarshe da h ya ƙare, kuma lambar fita 130 ce. Ka maimaita da gwajin da ke jefa kuskure, da wanda ke kiran process.exit, da SIGTERM, da yanayin sa ido, da lokacin da aka karkatar da sakamako zuwa fayil, inda bai kamata a ga ESC ko ɗaya ba.

Ka turo mini gyaran kafin Juma'a in duba. Da Ctrl da Z zan fara, don na tabbata ka karanta wancan sakin layi ka ce wa zai danna wannan. Maganar kuɗin shara kuma tana nan, bari watan cika-ciki ya kama. Ka gaida mutanen Tudun Wada, ka ce ubangidansu yana nan lafiya.